Ruwa ya ci gonata, ku amsa min da waƙa

Ɗan Yagwa:
Salamu alaikum jama'ar arewacin Kamaru, yau ni zan buɗe fage. Ƙwar huɗu ne, layin ƙarshe ya faɗi da "wa", wanda ya karya shi zai sai shayi.

Kogin Logon ya cika ya tsallake gaɓa,
Shinkafata ko zangarniya ban taɓa,
Bashin taki na nan, mai shi ba ya saɓa,
Ku faɗa min ina zan sa kaina a Yagwa.

Tun ambaliyar 2024 nake lissafi,
Ɗakin ƙasa ya zauna, ruwa ya tafi da rufi,
Masu cewa a yi haƙuri, haƙurin ma sai da ƙarfi,
Ba a jiƙa shi a sha in an tashi da yunwa.

Kawu na Marwa:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya mayar da alheri. Amma kai fa shinkafa kaɗai ka ƙura wa ido, juyo nan ka ji zancen masakwa, dawar da ake dasawa bayan damina.

Ɗana share hawaye ka leƙa bayan gari,
Baƙar ƙasar karal ta sha ta ƙoshi tun fari,
In ruwa ya janye a Oktoba sai ka taho da iri,
Laimar da ya bari ita ke renon masakwa.

Tun Agusta ake yafa irin a gefe,
A tuge, a rage ganye, a ɗau sanda mai bakin ƙarfe,
A huda rami a tsiyaya ruwa kaɗan da safe,
Dashe biyu a ciki, shi ke nan an gama ban ruwa.

Ba ta jiran hadari, hunturu ne gatanta,
Janairu zuwa Fabrairu ake yankan kanta,
Shekarar da karal bai sha ba ita ce asararta,
Shigo Diyamare ka tambayi manoman dawa.

Goggo ta Kuseri:
Hmm Kawu ka iya tsara zance wlh, mutum na karantawa sai ya ji kamar buhunan sun riga sun iso ƙofar gida, amma bari dai in sa baki don mu nan Kuseri mun san abin da ruwa ke yi wa mutum

Yaya zancenka daidai, amma da 'yar gyara,
Karal haya ake yi, sai da sefa ake fara,
Ga kuɗin 'yan dashe, ga jan-baki na jira kan kara,
Mai ɗaki a ƙasa ina ya ga na kamawa?

Mai Tebur na Garwa:
Goggo a yi min izini in shigo, nawa ba ruwa ba ne, mai ne, fetur ɗin Najeriya da muke kira zuwa-zuwa, muna sai wa 'yan kilando, wato 'yan acaba, daga bido, wato jarka. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi a Najeriya.

A Yelwa nake da tebur, kwalabe a jere,
Zuwa-zuwa nake saidawa, 'yan kilando har dare,
Tinubu ya cire tallafi, riba ta ƙare,
Ina zaune da bido, gabana babu kowa.

Sai na lura naira ta faɗi, sefa ta yi nauyi,
Na sai da bido, na nufi Mubi na bi layi,
Robobi, atamfa, takalma, sari na yi,
Teburin dai shi ne, kaya na canza a Garwa.

Goggo ta Kuseri:
To ai kai kana da bidon da za ka sayar ɗana, shi wannan bawan Allah me ruwa ya bar masa? Ka amsa wannan tukun.

Baban Darak:
Tafkin Chadi ya ja baya bayan farin 1973,
Masunta suka bi laka da masara da wake,
Kwale-kwale a kife, fartanya a kafaɗa,
In ruwa ya dawo kuma a koma wa koma.

Ɗan Yagwa:
Hhhh Baba, ma'ana ta yi amma amsa-amo ya nutse a tafki, "koma" ba ta faɗi da wa ba, shayi na kanka. Kawu kai kuma ga tawa, don maganar Goggo ita ce a raina tun ɗazu.

Kawu na ji, kuma ƙarfin dashe ina da shi,
Abin da babu shi ne fili da kuɗin kama shi,
Ba zan ƙara ɗora bashi a kan bashi,
In da wata hanya faɗe ta muna saurarawa.

Kawu na Marwa:
Ina da karal wajen Bogo, ya fi ƙarfin gwiwata,
Yara sun tafi Duwala, sun bar ni da sandata,
Fili da iri nawa, aiki naka, ka ji magana ta,
Ran sussuka a raba biyu a gaban kowa.

Korar tsuntsu ma taka ce fa, kar ka ce ban faɗa ba, ni ihuna ya daina kaiwa ƙarshen gona.

Goggo ta Kuseri:
Yawwa, yanzu aka zo wajen. Amma ni ban yarda da "mun yi magana" ba.

Ku je gaban jauro mai unguwa a rubuta a sa hannu,
Wa ke biyan 'yan dashe, wa ke korar shanu,
In jan-baki ya cinye, asarar ta wa ce, ku yi a sannu,
Shaidu biyu, takarda biyu, ɗaya Yagwa ɗaya Marwa.