Abin da aka tattauna a fada kan gidan haya a Maraɗi

Daren Asabar hirar fadarmu ta karkata kan gidan haya, har shayi ya huce. Ga abin da na tsinta.

Kowa ya yarda a fara da takarda. Kada ka biya kuɗin fili sai ka kai takardarsa ma'aikatar magajin gari an tabbatar da ita, domin fili ɗaya kan samu masu shi biyu, musamman na gado. Je ka duba wurin da damina, ba da rani ba. Unguwannin da ke gangaren Gulbi suna da araha, amma ruwa ne ke karɓar hayar.

Kan kuɗi aka fi ja-in-ja. Dattawa sun ƙi bashin banki saboda kuɗin ruwa, suka ce a yi adashe, a gina ɗaki biyu, hayarsu ta gina na uku. Wani ɗan kasuwa ya ce jinkiri ma asara ne, tunda farashin siminti ba ya jira. Ni dai na fi karkata ga dattawan.

A gyara kuwa, rufi da masai da magudanar ruwa tukuna, fenti daga baya. Kowane ɗan haya da mitar wutarsa, domin kan kuɗin wuta rigima ke farawa.

An ce ƙananan ɗakuna kusa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ba sa kwana babu mutum, sai dai lokacin hutu. A ware hayar wata guda kowace shekara don gyara, a kuma rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ko da ɗan hayar ƙaninka ne.