Kurakuran tsofaffin finafinai: wai ba sa gani ne kafin su saki fim?

Ɗan Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga masana harkar fim. A Commando (1985), bayan jarumi Arnold Schwarzenegger ya saki mugun nan Sully daga kan dutse, sai ya tura Porsche ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ta kwanta, ya miƙar da ita. Gefen da ta kwanta a kai duk ya lotse. Suna jan ta su tafi, sai ga gefen sumul kamar ranar aka sauke ta daga kamfani. Yaya irin wannan ke wuce darakta da edita? Sannan in matasa za su ɗauki ɗan gajeren fim a nan Katsina, me za su yi su kauce masa?

Mai Tace Hoto

Wa alaikumus salam, Malam. Galibi sun gani, gyaran ne ya fi ƙarfin aljihu. Ba a ɗaukar fim a jere yadda kake kallonsa. Duk fitowar da ta faɗo a lokeshin ɗaya ana haɗa ta a gama a tashi, ko da rabinta na farkon labari ne rabi na ƙarshe. Saboda haka ana iya ɗaukar tafiyar mota kafin a lotsa ta, ko a yi aiki da mota biyu.

Ko fitowa ɗaya ma, da kyamara ɗaya ake yawan yin ta. A fara ɗaukar ta daga nesa tun daga farko har ƙarshe, a sake jera fitilu a ɗauki fuskar wannan, a juya a ɗauki fuskar wancan, kuma kowanne sai an maimaita. Hirar minti biyu ta cinye wuni. Dubi North by Northwest (1959) na darakta Alfred Hitchcock, wurin cin abincin da ke gindin dutsen Rushmore: kafin Eva Marie Saint ta harbi Cary Grant, akwai yaro a baya da ya riga ya toshe kunnuwansa da yatsu. Yaron ya sha jin ƙarar a ɗaukar baya, ya san abin da ke tafe. Haka a Casablanca (1942), ruwan sama ya jiƙe rigar jarumi Humphrey Bogart jagab a tashar jirgin ƙasa ta Faris, yana taka ƙofar tarago rigar ta bushe.

Ka tuna kuma a lokacin sai an kai fim an wanke kafin a ga abin da aka ɗauka, mafi sauri washegari. In an ga kuskure bayan an rushe ginin da aka yi don fim, 'yan wasa sun watse, sai haƙuri. Shi ma edita da gangan yake barin wani. Walter Murch, wanda ya tace The English Patient, ya ba motsa zuciyar mai kallo kashi 51 cikin ɗari a abubuwan da yake dubawa kafin ya yanka hoto, daidaituwar inda mutane da kaya suke kuwa kashi 4 kacal ya ba ta. In ɗaukar da jarumi ya fi yin wasa mai kyau ita ce wadda kofi ya koma hannun hagu, ita za a sa.

Malamar Tarihi, Daura

Ƙanena, na kwantiniti, wato daidaituwar kaya da mutane daga wannan ɗauka zuwa waccan, ni ina yi musu uzuri. Wanda ba ya min daɗi shi ne na tarihi, don shi tun a takarda aka yi shi, babu gaggawar rana ko gajiyar 'yan wasa da za a fake da ita. Braveheart (1995) ne uban tafiya. Yaƙin Gadar Stirling na 1297 aka nuna a fili fetal babu gada, alhali gadar ce sirrin nasarar: ƙunci gare ta, mayaƙan William Wallace na Scotland suka bari wani sashe na rundunar Ingila ya haye, suka datse shi daga sauran. Sannan aka haɗa Wallace soyayya da gimbiya Isabella har da ciki. An kashe Wallace a 1305, lokacin tana yarinya 'yar kimanin shekara goma a Faransa, sai a 1308 ta auri Sarkin Ingila Edward na Biyu, ɗanta kuma 1312 aka haife shi.

Wasu ƙanana ne, dubawa ɗaya a littafi da ta isa. A Titanic (1997) Jack ya ba da labarin kamun kifi a tafkin Wissota, tafkin da sai a 1917 madatsar ruwa ta samar da shi, jirgi kuwa a 1912 ya nutse. A Raiders of the Lost Ark labarin 1936 ne, amma taswira ta nuna Thailand, sunan da Siam ba ta ɗauka ba sai 1939.

Indiyawa ma ba a bar su a baya ba. Farkon Amar Akbar Anthony (1977), 'ya'ya uku na kwance, jininsu na haurawa sama ta roba ya taru a kwalba ɗaya ya gangaro jikin uwarsu. Jini ba ya hawa sama haka da kansa, kuma ba a gauraya na mutum uku kai tsaye. Amma wannan ni ban kira shi mantuwa ba, darakta Manmohan Desai ya san abin da yake yi, hawaye yake nema.

Tsohon Ofareta

Hajiya, a ƙara da tankin ruwan Sholay (1975) da Dharmendra ya hau, a ƙauyen da babu lantarki, kullum magariba sai jaruma Jaya ta bi tana kunna fitilun ƙwai. Da me ake tura ruwan sama?

Sai dai a yi hattara, wani kuskuren na kaset ne. Hoton fim mai milimita 35 kusan murabba'i ne, faɗi 1.37 zuwa tsayi 1. A da a silima akan sa faranti a majigi ya rufe sama da ƙasa, ya koma 1.85 zuwa 1, kuma da wannan lissafin mai kyamara ya yi aikinsa. Da aka zo juyar da finafinai zuwa bidiyo don talabijin mai 4:3, sai aka buɗe wurin da aka rufe a da yawa daga cikinsu. Shi ya sa kake ganin makirfo na leƙowa ta sama, ko wayoyi a ƙasa. Wanda ya kalla a silima bai gan su ba. Wasu kuma ƙanzon kurege ne: mutumin da ake cewa ya rataye kansa a cikin dajin The Wizard of Oz (1939) tsuntsu ne babba da aka saki a wurin ɗaukar.

Mai Tace Hoto

Ɗan Ƙofar Marusa, ga amsar tambayarka ta biyu. A ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai kwantiniti, kada a haɗa masa da riƙe fitila ko sayo ruwa. Kafin ɗaukar farko da bayan ta ƙarshe a kowace fitowa, ya ɗauki hoto da waya: kowane ɗan wasa daga kai har ƙafa, gaba da baya, sai tebur ko tabarma daga sama. A littafinsa ya rubuta lambar fitowa, lambar ɗauka, da ranar da ake ciki a labari, don wannan ranar ce ke yanke wace riga za a sa.

Abubuwan da suka fi kayar da mu a nan sanannu ne: karin hula, naɗin rawani, ɗaurin ɗankwali, hannun da carbi yake, da yawan shayi a kofi. A yi wa kofin alama ta gefen da kyamara ba ta gani, a riƙa cika shi zuwa nan. Lalle ya fi duka wahala, domin cikin mako ɗaya ya fara koɗewa, don haka duk fitowar amarya a gama ta cikin kwana biyu ko uku. A hana jarumi aski sai da izini. Hirar waje kuma a yi sauri da ita, inuwar ƙarfe tara daban take da ta azahar, in kuma hazon hunturu ya sauko yau ya ɗaga gobe, launin sama ba zai haɗu a wurin tacewa ba.

In mutum biyu na magana, ja layi a zuciyarka daga wannan zuwa wancan, kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin. Ka tsallaka, za su fito suna kallon gefe guda.

Malamar Tarihi, Daura

In kuma labarin zamanin da ne, ko a gindin hasumiyar Gobarau za ku ɗauka, ku leƙa kusurwoyi huɗu na hoton kafin a ce "akshin": wayar lantarki, rufin kwano, ƙarfen sabis, butar roba, silifa. Ku duba ƙwaryar abinci ma. In labarin ya girmi zuwan Turawan Fotugal gaɓar teku, babu masara, babu rogo, babu tumatir ko barkono, duk daga nahiyar Amurka suka zo. Gero da dawa za ku zuba.