Uba yana Abijan, yaro ya faɗi jarabawa: laifin wa?

Mushe Idi: Salamu alaikum ƴan'uwa. Jiya a taron iyayen yara na faɗi wata magana, wasu suka ji haushi, to bari in maimaita ta nan. Shekarata 19 ina riƙe da alli tsakanin Tawa da ƙauyukan Adar. Yaron da ubansa ya tafi bida, wato ci-rani, ya kwashe shekara biyu ko uku bai leƙo gida ba, da wuya ya yi karatu, ko wa ka ba shi ya koyar da shi. Gida ke yin ɗalibi, mu a lakwal ƙarasawa kawai muke yi. A ajina na CM2, ajin ƙarshe na firamare, in na jera kaye-kayen yara bisa tebur, ba sai na duba suna ba, na san na wanda ubansa ke gari.

Alhaji Mamman: Wa alaikumus salam. Mushe, da girmanka, maganar nan ta yi nauyi. Shekara 14 na yi ina kai da komo tsakanin Abijan da gida. Da kuɗin kasuwar Ajame ta Abijan na sayi kaye da biki da takalmin da ƴaƴana suka taka zuwa lakwal. Da na zauna gadin gonar da ba ta kai mu watan azumi, me za su ci kafin su yi karatun? Kai albashinka na jiranka ƙarshen wata.

Mushe Idi: Alhaji ban raina kuɗinka ba. Amma kaye ba ya buɗe kansa da dare, sai an ce wa yaro buɗe. Kuma ba ni na fara faɗa ba. A Amurka, a 1966, wani masani Coleman ya jagoranci bincike kan yara sama da 600,000, ya gano cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri kan sakamakonsa.

Sanusi: Mushe, ku kuka koya mini harafin farko, ba zan ja da ku ba, ƙari dai zan yi. Wannan binciken muna karanta shi a Jami'ar Djibo Hamani. Coleman ilimin iyaye da halin rayuwar gida ya duba, bai yi maganar uban da ya tafi ci-rani ba. Kuma bayansa wani mai suna Heyneman ya je Uganda ya auna, sai ya tarar da abin ya juye. A 1983 shi da wani masani Loxley suka kwatanta ƙasashe 29, suka ce iya talaucin ƙasa, iya nauyin da makaranta da malami ke ɗauka. Dalilin a fili yake. Can kusan kowane aji yana da benci da littafi, to bambancin sai ya koma gida. Nan kuwa wani yaro yana ajin siminti, wani yana ajin zana da ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, ruwan farko kuma ya tashe shi. Wata nawa ke nan aka ci wa na biyun? Ko ubansa na zaune a bakin ƙofa ba zai maido masa da su ba.

Hajiya Rabi: Ni dai tun ɗazu ina jin ku, uba, uba, uba, kamar mu uwaye zana ce aka jingine a tsakar gida. Maigidana shekara shida yana Libiya. Ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Amma kullum bayan isha'i sai ɗiyata Nana ta shimfiɗa tabarma ta buɗe mini kayenta, ina haska cocila. Ban san abin da aka rubuta ba, jan biki dai na sani. In ya yi yawa a shafi sai in ce mene ne wannan, ta yi ta bayani, wajen bayanin ma sai ta gano kuskurenta da kanta. Wata rana ƴar nan ta so ta yi mini wayo, ta nuna mini shafin satin da ya wuce. Daga ranar duk shafin da na gani sai in ɗiga masa lalle a kusurwa. Yau tana lise, BEPC ɗinta, jarabawar gama koleji, sau ɗaya ta yi.

Mushe Idi: Allah ya saka miki Hajiya, amma irinki nawa ne? Kuma ke ɗiya mace kika riƙe. Namiji in ya kai 12 ko 13 muryar uwa ba ta tsayar da shi. Da dare yana fada wajen shayi, da rana yana tasha. Ga yayansa ya dawo daga Libiya da babur da babbar waya, shi ko yana ganin mai BAC, wanda ya gama lise, zaune ba aiki. Ina da guda uku yanzu haka da suka ce mini a ido, Mushe, mu jira muke mu isa tafiya.

Alhaji Mamman: To wannan ai ba rashin uba ba ne, rashin abin da karatun zai ba su ne. Bari in tambaye ka. Jarabawar PASEC ta 2014, mai auna karatun ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta nuna cikin yaran Nijar da ke gama firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 1 cikin 10 ba. Sauran taran duka ubanninsu Abijan suke? Shekarun da malamai ƴan kwantiragi ke yajin aiki wata da watanni, mu ne muka rufe ajin?

Mushe Idi: Wanda bai ga albashinsa ba wata biyu, da me zai shiga aji? Yara 84 gare ni, Alhaji. In na ba kowa minti ɗaya, rabin safiya ta tafi.

Zainabu: Yaya Idi da Alhaji, kun fara daga CM2, ni a wajen awon jarirai nake ganin farkon abin. Akwai binciken da aka yi a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1986 da 1987, kan yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Wasunsu, ma'aikaciyar lafiya kan je gidansu sau ɗaya a sati har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100. Matalauta ne duka. Ni kuwa sai yarinya ta kawo ɗan fari awo, in ce yi masa magana mana, ta sunkuyar da kai, wai kunya. Ko sunansa ba ta faɗa.

Baba Alasan: A'a ɗiyata, kada ki taɓa kunyar ɗan fari. Ni ɗan fari ne, innata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Amma a ɗakin kakata na tashi, kowane dare da gatana, ga gwaggo, ga matan baffannina. Wa ya ce miki na rasa mai yi mini magana?

Sanusi: Baba yana da hujja. Akwai wani sanannen bincike na 1995 a Amurka da ya ce ɗan talaka yana jin kalmomi miliyan 30 ƙasa da ɗan mai hali kafin ya kai shekara huɗu. Iyali 42 kacal aka bi. Da wasu suka sake aunawa, suka haɗa har da maganar kaka da yayye da duk wanda ke gidan, sai tazarar ta ƙi fitowa haka. Ma'aunin gidan mutum huɗu ba zai auna gidanmu na mutum ashirin ba.

Zainabu: Na yarda Baba, in kakar tana nan. Amaryar da ke gidan haya a Sabon Gari ita kaɗai, miji yana Aljeriya, kaka tana Keita, kunyar ta biyo ta amma gatanar ba ta biyo ta ba.

Salifu: Kuma yawan mutane a gida ba shi ne kulawa ba. Ƙauyenmu babu koleji, aka kawo ni riƙo nan Tawa gidan wani ɗan'uwan babana. Gidan cike yake, maigida kullum yana nan. Ni ne ɗibar ruwa, ni ne kai niƙa, ni ne kiwon raguna, in na shiga aji barci. Shekara huɗu ba wanda ya taɓa cewa in ga takardar sakamakonka. Na faɗi BEPC sau biyu na bari. Ƙanwata kuwa babanmu ya ce ba zai kai ɗiya mace gidan wani ba, aka yi mata aure tana 15. Da gidajen kwanan ƴan mata irin wanda aka buɗe a Kelle ta jihar Damagaram sun zo da wuri, wataƙila da yanzu ita ce malama.

Mushe Idi: To na rage maganata, ban janye ta ba. Na ji, ba lalle sai uba ba. Amma dole a samu babba guda a gida wanda yaro ya san zai tambaye shi yau me aka yi. A ajina dai, inda uba ba ya nan, sau da yawa ba a samun wanda ya gaje shi.

Alhaji Mamman: Ni kuma ban sauke muku naku ba, ku gyara ajin. Sai dai gaskiya ɗaya, duk kiran da na yi daga Abijan, hatsi nake tambaya, da rago, da lafiyar tsohuwa. Ban tuna ranar da na ce a ba ɗana Musa waya ya karanta mini wani abu ba.

Hajiya Rabi: Yanzu ai ana ganin fuska a waya. Mushe, yaran nan uku da ka ce, uwar ɗaya maƙwabciyata ce a Bilbis, ina da lambar mijinta. Samo mini na sauran biyun kafin Asabar. Alhaji kai za ka kira su, kai suke jin maganarka tunda tare kuka ci wuyar hanya.

Alhaji Mamman: Turo lambobin. Amma kuɗin kiran Mushe zai biya, shi ya jawo.