Kwana 9, ƙasa 3 da jakar goyo: in tafi ni kaɗai?

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, abin nan ya hana ni barci. Kakana na wajen uba bafatake ne, Gwanja, can ƙasar Ghana ta yau, yake zuwa sarin goro. Muna yara yakan tara mu a zaure bayan isha'i yana ba mu labarin Salaga da Kumasi. Butarsa ta ƙarfe da yake tafiya da ita har yau tana ɗakina, marfinta ɗaure da igiya. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa na ƙudurta sai na taka ƙasar da ya taka. Shekara 2 ina zubin adashi, yanzu na ɗauka. Koyarwa nake, kwana 9 kawai zan samu a Disamba. Tsarina: mota daga tashar Mando ta Kaduna zuwa Legas, in tsallaka Seme, Kwatano, Lome, Akara, Kef Kos, Kumasi, in juyo. Jiya abokin tafiyata ya janye. Kuma Hajiyarmu ba ta sani ba tukuna.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, shekara da shekaru ina bin hanyar nan sarin atamfa, saboda haka ka saurara. Lissafinka bai fita ba. Kaduna zuwa Legas kwana ne cur a mota, dawowa ma haka, saura 7. Iyaka 3 za ka tsallaka, Seme, Hilakonji da Aflawo, ka sake tsallaka su a dawowa. Biza babu, ɗan ECOWAS yana da kwana 90, amma ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Katin nan ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ka je ka yi yanzu. Sannan ka cire Ghana gaba ɗaya. Ka zauna Kwatano, ka shiga kasuwar Dantokpa, ka hau kwalekwale zuwa Ganbiye ka ga garin da aka gina a kan ruwa, ka leƙa Lome, ka dawo gida.

Ɗan Kawo: Na gode Alhaji, amma Ghana ce dalilin tafiyar. In na cire ta me ya rage?

Maman Ilham: Ni maganar Hajiya ce ta tsaya mini a rai. Ƙanena haka ya yi mana, ya ce Abuja za shi, sai ga kira daga wata ƙasa an yanke masa aljihu. Kwana 3 mahaifiyarmu ba ta sa komai a bakinta ba, ni na sayar da zobena aka tura masa kuɗin mota, har yau bai ce mini sannu ba. Ɗana, ka fara neman albarkarta.

Malamin Tudun Wada: Ni akasin Alhaji nake gani. Gaɓar Togo ba ta wuce kilomita 50 da 'yan kai ba, wucewa kawai za ka yi. Kada ka kwana Benin ko Togo, Faransanci zai wahalar da kai. Ka miƙe Akara ka sauka Nima, Hausa za ka ji ko'ina, ka ci wake da shinkafarsu da suke kira waace. Kef Kos ka ga gidan da aka tsare bayi, sai Kumasi.

Baban Khalifa: Malam, wane Faransanci? Zangon Kwatano da na Lome duk Hausawa ne, masu canji ma namu ne. Kai dai ka canza naira zuwa sefa, ita ce a Benin da Togo, Ghana kuma sidi. Kada ka tara kuɗinka wuri ɗaya. Ni a wani shinge an taɓa tsare ni tun azahar har magariba, takarduna cikakku, don na ƙi ba da na goro. Yaro shi kaɗai da jaka a baya, a watan da kowa ke rububin tafiya gida Kirsimeti, ga tsadar mota? Na faɗa maka, Ghana sai wata shekara.

Ummu Sadik: Nawa ne ma kuɗin? Ba ka faɗa ba. In ya kai, ba gara ka haɗa lefe ba?

Ɗan Kawo: Anti, maganar aure daban take. Hajiya kuma ba ɓoye mata nake ba, hawan jini gare ta, so nake sai komai ya kammala. Disamba na zaɓa don babu ruwan sama a gaɓar teku, kuma ba ni da wani hutun. Wahalar mota ba ta dame ni ba, Kaka da ƙafa da jakuna ya je.

Malamin Tudun Wada: Shi a ayari ya je, watanni suke yi a hanya. Kuma Salaga tana can arewacin Ghana, da nisa daga Kumasi, ba ta cikin tsarin naka ma.

Ɗan Kawo: To idan na bar Kef Kos, daga Kumasi zan iya kaiwa Salaga in dawo cikin kwana 2? Akwai wanda ya taɓa bin hanyar?