Horon tiyata: in zauna gida, ko Yamai, ko Kumasi?

Bakatsine: Assalamu alaikum manya. Na gama bautar ƙasa, na ci jarrabawar matakin farko ta WACS (kwalejin likitocin tiyata ta Yammacin Afirka), amma har yau ban samu gurbin horo a Kano ko Shika ba. Ina da iyali. In tafi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai in yi DES (takardar ƙwarewar likita ta ƙasashen da ke amfani da Faransanci), ko in nemi asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi? Wanda ya yi ya faɗa mini gaskiya.

Ɗan Damagaram: Wa'alaikumussalam. Shekara 5 ce tiyata a Yamai, komai da Faransanci har rubutun ƙarshe. Za ka sa hannu da wuri, don marasa lafiya sun fi likitoci yawa. Ni jaka 500 (sefa dubu 500) nake biya a shekara.

Hajiyar Tiyata: Haba Dakta, ƙanina kusan miliyan ɗaya ta sefa aka nema a wurinsa.

Ɗan Damagaram: To ai shi baƙo ne, Najeriya ba ta cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da sefa.

Tsohon Rajista: Ƙanina, kada ka je inda ba albashi. A gida ko ba komai ana biyanka. Amma ni gidan ne ya ƙone ni. Wani babba ya riƙe littafin ayyukana ya ƙi sa hannu, don na nemi izini ranar da mahaifiyata take kwance. Gwaiwa da afendis ni nake yi da tsakar dare, da safe sunansa ke kan takarda. Sa'o'ina suka wuce mataki na biyu ina kallo. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake.

Na Zongo: Allah ya saka maka. A Gana tun 2003 muna da kwalejinmu ta horon ƙwararrun likitoci, shekara 3 ka zama memba. Sai dai baƙo biya yake.

Hajiyar Tiyata: Kai da ka koma ɓangaren ido, me ka sani a buɗe ciki?

Na Zongo: Hajiya, ni nake gyara idon da kuke ɗinki da shi!

Malam Bature: Ya je Kumasi ya koyi cin fufu, ya dawo mana da Turancin Ashanti.

Tsohon Rajista: Albashin ma da na ce, ina kuɗin horon da dokar 2017 ta tanada? Sai NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, ta shiga yajin aiki ake tunawa da mu.

Hajiyar Tiyata: Shi ya sa rabin ajinmu suna Saudiyya.

Bakatsine: Na gode, amma takardar DES ɗin, MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, za ta karɓa idan na dawo?

Malam Bature: Wa ya samu kuɗin horon bana? Mu shiru.