Wai sunan cacar craps daga kwaɗo ya samo asali?

Ɗan Fagge: Jama'a ku raba mu gardama ni da Baban Iman. Cacar nan ta Amurka da ake jefa ƙwayar ludo guda biyu, craps, na ce masa sunan daga Faransanci yake, crapaud, wato kwaɗo, don masu yinta a lungunan New Orleans tsugunawa suke yi kamar kwaɗi suna jefawa a ƙasa, shi kuma ya ce wai ƙarya ne

Baban Iman: ban ce ƙarya ba ne malam, na ce labari ne mai daɗin ji kawai. Akwai tsohuwar cacar Ingila da ake ce wa hazard, a cikinta in ka jefa ka samu 2 ko 3 ka faɗi ke nan, wannan jifar ita ake kira crabs. Da wasan ya shiga Louisiana, jihar da New Orleans take, bakin masu Faransanci ne ya mai da crabs ta koma craps. Kuma har yau a craps in jifar farko ta ba ka 2, 3 ko 12 kuɗinka sun tafi, ka ga dokar ma ta biyo sunan

Ɗan Fagge: to amma ai tsugunon gaskiya ne

Baban Iman: kowa ma tsugunawa yake in zai yi caca a ƙasa, 'yan cacar wuri na da a tsaye suke yi?

Maman Sadiq: ni fa na ɗauka daga crap ne, kalmar kashi da shirme 😂 dama caca ai shirme ce

Malam Na Zinder: Hajiya wannan daban ce. Crap tsohuwar kalma ce, da can ƙaiƙayi take nufi da tarkacen da ake zubarwa, daga baya ta koma ƙazanta. Wasu na cewa daga Thomas Crapper ne, mai sana'ar famfo da masai a Landan wanda ya rasu a 1910, amma kalmar ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, sunansa ne kawai ya yi dace

Ɗan Fagge: yauwa Malam, to wa ya kai wasan New Orleans ɗin in ba Bafaranshe ba?

Malam Na Zinder: ana danganta shi da Bernard de Marigny, ɗan masu kuɗi ne mai son caca, da ya yanka gonarsu ya yi unguwa har titi ya sa wa suna Craps, daga baya aka mayar da shi Burgundy. Amma wannan bai taimake ka ba ƙanena, ya nuna Faransawa sun yi wasan, bai nuna kwaɗo ba. Ni dai ina bayan crabs

Abba Kurna: ku bar wannan, hazard ɗin ma ai hatsari ne, daga wajenmu suka ɗauka wlh

Baban Iman: kai Abba ka zo da taka 😂 hatsari daga Larabci ne, khaɗar. Hazard kuwa ta Faransanci ta shiga Turanci, masana da yawa na ganin asalinta az-zahr, ƙwayar caca a Larabcin baka, shi ma ba a gama yarda ba

Abba Kurna: duk Larabci ne dai, ban faɗi ba

Ɗan Fagge: nima ban janye kwaɗona ba, sai an kawo min wanda ya ji Marigny da kunnensa yana cewa crabs