Aikin sa kai a gandun daji: in tafi ko in kama aikin da na samu?

Mai_Tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na gama karatun kula da namun daji, an ba ni gurbin aikin sa kai na wata 3 a wani gandun daji na ƙasa. Babu albashi, sai ɗakin kwana. Ga kuma wani ɗan aikin ofis yana jirana, sun ce ba za su ajiye min gurbin ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min, wata ukun nan suna kai mutum ga samun aiki kuwa?

Ɗan_Yawo: Wa alaikumus salam. Ki nemi takalmi mai rufe idon sawu, kuma kullum da yamma ki duba jikinki saboda kaska.

Tsohon_Gandu: Ƙanwata, ni ma da wata 3 aka fara min, sai da na yi 8. Da asuba muke fita share hanyar sintiri, mu kwance tarkunan waya da mafarauta suka ɗana, mu rubuta sawun dabbobin da muka gani. Kullum maganar ɗaya ce: ka ƙara haƙuri, in an tashi ɗaukar ma'aikata kai ne na farko. Ranar da na zame a kan dutse na karye a ƙafa, abokan aiki ne suka ɗauko ni a kafaɗa har bakin hanya. A asibiti na gane sunana ba ya cikin kowace takardar inshora. Ina kwance aka ɗauki mutane aiki. Ko takardar shaida ba a ba ni ba, kuma har yau ƙafar tana tashi in sanyi ya shigo.

Uwar_Biyu: Allah sarki Yaya, Allah ya saka maka. Amma ni ko sisi ban kashe ba, har ɗan alawus ake ba mu.

Ɗan_Yawo: Alawus kuma? Ni biya na yi kafin a karɓe ni, wurin kwana daban, mota daban.

Uwar_Biyu: To ai ta hannun 'yan tsakani ka bi. Kuma sati 2 ka yi kana ɗaukar hoto, wannan yawon buɗe ido ne Malam.

Ɗan_Yawo: Hajiya, wadda ta zauna a ƙofar shiga tana yanka tikiti ce za ta koya mana daji?

Mai_Nazari: Ku bar musu, kowace ƙasa da tsarinta. A Amurka, inda aka kafa gandun dajin Yellowstone a 1872, wanda ya cika awa 250 na aikin sa kai ana ba shi katin shiga gandayen gwamnatin tarayya kyauta na shekara guda. Duk inda za ki je, a rubuta miki aikinki da wanda zai ɗauki nauyin jinya kafin ki sa ƙafa.

Sarkin_Raha: A rubuta har da wanda zai biya in biri ya gudu da wayarta. Tawa tana kan wata bishiya tun bara, in na kira ma ba ya ɗauka.

Tsohon_Gandu: Ku yi ta dariya. Su kansu masu gadin dajin wa ya damu da su? A Virunga ta Kwango, gandun da aka kafa tun 1925, an kashe masu gadi fiye da 200 a bakin aiki. Sai 31 ga Yuli, ranar masu gadin daji ta duniya, ta zo a yi jawabi, washegari a manta da matansu da 'ya'yansu.

Manomi_Ne: Mu da ke noma a gefen gandu fa? Dare ɗaya giwaye suka tattake min gonar da na yi wa hidimar damina guda. Na kai kuka, aka rubuta, shiru. Da ni na taɓa giwar, da tuni ina ɗaure.

Mai_Tambaya: Na gode ƙwarai, amma jibi zan ba masu ofis amsa. Akwai wanda aka ɗauka aiki bayan ya yi sa kai?

Uwar_Biyu: Baba, kun gwada jera amya a bakin gonar? Giwa tana gudun ƙudan zuma.

Manomi_Ne: 'Yata, wa zai saya min amyar?